Littafin Lissafin Morebath: Yadda Gundumar Coci ta Zama Hannun Gwamnati a Ƙauyen Ingila

Ɗalibin sha'anin mulki idan ya nemi asalin ƙananan hukumomin ƙasar Ingila, yawanci dokoki biyu akan nuna masa, watau ta 1888 wadda ta kafa majalisun larduna, da ta 1894 wadda ta kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka. Daga nan sai ya ɗauka cewa a Landan aka zauna aka tsara abin tsaf, sa'an nan aka sauko da shi bisa kan mutanen karkara. Alhali kuwa tun shekara 400 kafin waɗannan dokoki manoman ƙauyukan Ingila suna zaɓen wakilansu, suna tara kuɗi, suna kuma tsayawa a gaban jama'a su ba da lissafin abin da suka kashe. Wannan lacca za ta bi sawun al'amarin a ƙauye guda tak, mai suna Morebath, domin a ga yadda wannan tsari ya tashi, da yadda ya sauya hannu a cikin rayuwar mutum ɗaya.

Asalin gundumar coci

Abin da Turawan Ingila ke kira farish, a asalinsa yanki ne na ƙasa wanda mazaunansa ke ibada a coci guda, suna biyan ushirin amfanin gonarsu da na dabbobinsu domin riƙon limaminta. Sarki Edga, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, ya sa biyan ushirin nan ya zama doka. Zuwa wajen shekara ta 1200 an riga an rarraba ƙasar duka zuwa irin waɗannan gundumomi, kimanin 9,000, kuma iyakokin da yawansu ba su motsa ba har zamanin jirgin ƙasa.

A ƙarni na 13 aka yi wani rabon aiki wanda shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Shugabannin coci suka yanke cewa gyaran ɓangaren gaba na ginin, inda bagade yake, yana wuyan mai cin ushiri. Amma zauren da jama'a ke tsayawa, da ƙararrawa, da littattafai, da rigunan limami, da shingen maƙabarta, duk suna wuyan jama'a. A yankin Exeter an rubuta wannan cikin ƙa'idodin taron malaman coci na 1287. To, wanda aka ɗora wa kashe kuɗi dole ya nemo hanyar tara su, kuma wanda ya ba da kuɗinsa dole ya tambayi inda suka shiga. Ta haka muƙamin wakilin coci ya samu: mutum ne daga cikin talakawa, ba malami ba, jama'a ke naɗa shi, gare su kuma yake ba da lissafi.

Ƙauyen da limaminsa

Morebath tana lardin Devon, a kudu maso yammacin Ingila, dab da iyakar Somerset, a gindin tuddan Exmoor, fiye da mil 20 arewa da birnin Exeter. Ƙasa ce mai ruwa da taɓo, ta fi dacewa da kiwon tumaki a kan noma. A farkon ƙarni na 16 gidaje 33 ne a cikinta, mutane kimanin 150, yawancinsu a warwatse a gonaki, ba a dunƙule ba. Babu wani babban basarake da ke zaune a cikinsu. Ƙasar mallakar wani ƙaramin gidan ruhubanawa ce da ke Barlinch, har zuwa lokacin da Sarki Henri na Takwas ya soma rushe irin waɗannan gidaje a 1536.

A shekara ta 1520 aka naɗa wa ƙauyen wani sabon limami, Christopher Trychay, haifaffen lardin. Bai bar wurin ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a 1574. Shekara 54 ke nan, ƙarƙashin sarakuna huɗu. Shi ne ya riƙa rubuta wa wakilai lissafinsu, da yake yawancinsu ba su iya rubutu ba, kuma shi ke karanta shi da ƙarfi a coci ran Lahadi. Mutum ne mai son magana, saboda haka bai tsaya ga lambobi kaɗai ba. Yakan sa wanda ya yi kyauta da wanda ya yi rowa, da wanda ya ƙi karɓar muƙami, da abin da shi kansa yake gani game da su. Wani limami mai suna Binney ya buga littafin a 1904, sa'an nan Eamon Duffy na Jami'ar Kembirij ya yi masa sharhi mai zurfi a littafinsa na 2001. Kuɗin da ke ciki kuwa ba baƙi ba ne ga dattawan Nijeriya: fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kamar dai yadda aka yi ta ƙirga su a Nijeriya har zuwa 1973.

Asusai da tumakin coci

Abu na farko da zai ba mai karatun littafin mamaki shi ne yawan muƙamai a wuri ƙarami haka. Ba asusu ɗaya ke akwai ba. Akwai babban asusu a hannun manyan wakilai biyu, waɗanda ake ɗauka bi da bi daga gona zuwa gona, ko mutum yana so ko ba ya so. Sa'an nan akwai ƙananan asusai, kowanne da waliyyin da aka jingina shi gare shi: na Maryamu, na Antoni, da na wata waliyya ta Exeter mai suna Sidwell, wadda shi limamin ne ya kawo girmama ta ƙauyen, har iyaye suka riƙa sa wa 'ya'yansu mata sunanta. Akwai asusun fitilar matattu. Samari marasa aure suna da nasu, 'yammata ma suna da nasu, kowanne da wakilai biyu da suke zaɓa daga cikinsu. Idan aka haɗa, a kowace shekara wajen mutum 12 ke riƙe da wani muƙami a cikin gidaje 33. Da wuya a sami gidan da nauyin bai taɓa faɗa masa ba, mai hali ko matalauci. Idan kuma layi ya zo kan gonar da maigidanta ya rasu, matarsa ce ke zama wakiliya.

Aikin kowane asusu na fili shi ne kyandir ya riƙa ci a gaban siffar waliyyinsa. Amma rarar kuɗin takan shiga gyaran gini da sayen kayan ibada. Hanyoyin samun kuɗin guda biyu ne manya. Ta farko tumaki. Mutum yakan bar wa coci tunkiya a wasiyyarsa, sai a yi mata alama a kunne, a ba wani manomi ya haɗa da nasa garken ya yi kiwonta kyauta. Lokacin sausaya ya kawo gashin a auna a sayar. Kowace shekara limami yakan karanta sunan kowa da tunkiyar da ke hannunsa, da wadda ta haihu, da wadda ta mutu, da wadda ta ɓace. Ba sai an faɗa ba, mutumin da tunkiyar waliyyi ta ɓace a hannunsa, aka kuma ambaci sunansa a gaban maƙwabtansa, ba ya bukatar ɗan doka ya bi shi gida.

Hanya ta biyu bukin giya. Kusa da coci akwai wani gida na jama'a, da tebura da kwanoni da tukwane. Manyan wakilai sukan dafa giya da abinci sau ɗaya a shekara, samari ma haka, mutane su zo su saya su ci su sha, har da na ƙauyukan maƙwabta, waɗanda su ma za a rama musu ziyara. Ribar bukin nan ita ce mafi tsoka a cikin kuɗin shiga. A bayan waɗannan duka akwai wasu dattawa masu hali, wani lokaci uku, wani lokaci huɗu ko biyar, da ke ajiye rarar kuɗi su fitar idan babban aiki ya taso. Su ba a sauya su kowace shekara. Ya kamata a riƙe wannan, domin za a sake gamuwa da su.

Kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla. A ƙarshen 1534 ɓarawo ya hau tsani ya shiga coci da dare, ya ɗauke ƙoƙon azurfa na ibada da wani ɗan takalmin azurfa na siffar Sidwell. Samari da 'yammata suka tashi suka yi karo-karo aka sayi sabon ƙoƙo, limami kuma ya rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Wannan ya nuna haɗin kai. Amma rigimar akawun coci ta nuna ɗaya fuskar. Akawun nan aikinsa ya fi kama da na ladan: shi ke riƙe mabuɗi, ya kaɗa ƙararrawa, ya amsa wa limami a cikin addu'a. Bisa al'ada da damin hatsi ake biyansa daga kowane gida. Wasu gidaje suka ƙi, wasu suka ce ba su da hali, aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru har akawu ya ajiye aiki. Wani matalauci da jariransa suka mutu ya zo a yi musu addu'a, ya tarar ƙofa a kulle, ba mai taimakon limami. A wajen wani bukin baiko saura kaɗan mutum biyu su ba hammata iska a kan maganar. Sai a 1537 aka kira manyan mutane daga waje suka yanke hukunci, limami ya kwafe shi cikin littafi don kada wani ya musa daga baya.  Abin da ake nema shi ne kowa ya yarda, domin tsarin da ya dogara ga kyauta ba ya ɗaukar ƙiyayyar ko da gida biyar.

Saƙo daga Landan

A 1534 Majalisar Dokoki ta ayyana Henri na Takwas a matsayin shugaban cocin Ingila, aka yanke hulɗa da Paparoma. Wannan bai taɓa aljihun Morebath ba. Wanda ya taɓa shi ne umarnin 1538, wanda wazirin sarki Thomas Cromwell ya fitar. An ce kowace gunduma ta sayi Littafi Mai Tsarki cikin Ingilishi, ta kuma buɗe rajistar baftisma da aure da jana'iza, a ajiye ta cikin akwati mai makulli biyu, ɗaya wajen limami, ɗaya wajen wakilai. Makon da aka yi sakaci, tarar sule 3 da kwabo 4. Wannan ita ce rajistar jama'a ta farko da ta game ƙasar, kuma gwamnati ba ta ɗauki ko akawu ɗaya aiki don ita ba. Har ila yau umarnin ya hana kunna kyandir a gaban siffofin waliyyai. Mutanen Morebath suka bi nan da nan. Amma da kyandir ya mutu, dalilin ƙananan asusai ya tafi tare da shi. Cikin 'yan shekaru aka narkar da su cikin babban asusu, na 'yammata ya ɓace ɗungum.

Henri ya mutu a 1547, ɗansa Edwad na Shida ya hau yana da shekara 9, masu riƙon ƙwarya kuwa 'yan Furotesta ne na gaske. A daidai wannan shekara limamin Morebath ya cika wani buri da ya yi wajen shekara 20 yana tara wa kuɗi kwabo-kwabo, watau baƙaƙen riguna na addu'ar matattu, waɗanda suka ci fiye da fam 6. Bai daɗe da gode wa Allah a kansu ba sai ga wakilan sarki sun iso lardin. Suka hana bukin giya, aka haramta addu'ar matattu irin ta da, a 1548 kuma aka ce a fitar da siffofi duka. A lokaci guda ana bukatar sababbin littattafai, ana kuma neman kuɗin yaƙi da Sikotlan da Faransa. An toshe rijiya, an ƙara yawan masu ɗiba. Aka sayar da tumakin coci, aka sayar da kwanonin gidan buki. Wadda layin wakilci ya faɗa wa a wannan mummunar shekara wata gwauruwa ce matalauciya, Lucy Scely, limami kuma ya zarge ta a rubuce da sayar da kayan coci ba da izinin jama'a ba. Mai karatu na yau zai fi jin tausayinta, don bashi ta tarar, ba kuɗi ba. Rigunan da suka saura kuwa aka rarraba su gida-gida aka ɓoye.

A 1549 Majalisa ta sa wani haraji a kan tumaki, kai-da-kai kamar jangali, abin da ya faɗa kan Devon da nauyi. Sa'an nan ran 9 ga Yuni aka tilasta sabon littafin addu'a na Ingilishi a madadin na Latin. Kashegari mutanen Sampford Courtenay suka yi bore, wuta ta kama Devon da Cornwall, 'yan tawaye suka kewaye Exeter daga 2 ga Yuli har 6 ga Agusta. Gwamnati ta aiko da Lord Russell da sojan haya na Jamus da Italiya. A Clyst Heath aka yanka kamammu wajen 900, jimlar waɗanda suka mutu kuwa an ƙiyasta ta kai 4,000.

Ina Morebath ta tsaya? Ta sayi sabon littafin kamar yadda aka umarta. Amma a cikin lissafin wannan shekara akwai kuɗin guzuri da na makamai da aka ba samari biyar domin tafiya wani sansani a tudun St David, bakin Exeter. Masana sun daɗe suna zaton ɓangaren sarki suka je, tun da yake Binney ya karanta sunan wurin ba daidai ba. Da aka koma ga rubutun hannun, sai ya bayyana sansanin 'yan tawaye ne, kuma an yi ƙoƙarin shafe kalmar daga baya amma ba ta shafu ba. Uku daga cikin samarin ba a sake ganin sunansu a littafin ba. Babu abin da ya fi wannan shafi nuna ƙarfin al'adar lissafi: mutane sun ɗauki makami a kan sarkinsu, laifin da hukuncinsa rataya ne, amma da yake kuɗin jama'a aka kashe, sai da aka rubuta aka karanta. Bayan an murƙushe boren aka cire harsunan ƙararrawar cocin lardin, don da su aka yi gangami, mutanen Morebath suka fanshi nasu da kuɗi.

Abin da ya saura a hannu

Da Sarauniya Meri ta hau a 1553 aka koma Katolika. Mutane suka fito da abin da suka ɓoye, limami ya jera sunayensu yana yabo, bukin giya ya dawo. Ba a daɗe ba, a 1558 Elizabet ta Farko ta gaje ta, aka sake juyawa. Trychay ya bi, kamar yadda ya bi sau uku a baya. Wasu za su kira shi mai fuska biyu. Amma mutum ne da ya ga abin da ya sami samari biyar, kuma ba shi da wata jama'a sai wannan.

Shafukan shekarunsa na ƙarshe su ne suka fi amfani ga ma'aikacin hukuma, ko da yake su ne mafi ƙarancin daɗin karatu. Waliyyai sun fita, abin da ya shigo shi ne gyaran gada, da sulke da makaman sojan da aka ɗora wa ƙauye, da harajin sarauniya. Wannan ba a Morebath kaɗai ba ne. Dokar hanyoyi ta 1555 ta sa kowace gunduma ta naɗa masu duba hanya, kowane magidanci ya yi aikin gayya kwana 4 a shekara, aka mai da shi kwana 6 a 1563. Dokar 1559 ta sa tarar sule ɗaya a kan wanda ya ƙi zuwa coci ran Lahadi, wakilai ne kuma ke karɓa. Ta 1566 ta sa su biyan lada ga wanda ya kashe tsuntsaye da namun da ke ɓarnar amfanin gona. Daga 1572 taimakon matalauta ya tashi daga sadaka ya zama haraji na dole, sa'an nan dokokin 1598 da 1601 suka kafa masu kula da matalauta a kowace gunduma, ƙarƙashin idon alƙalan yanki. Sarautar Ingila ba ta da ma'aikatan albashi a karkara, ba ta kuma da kuɗin ɗaukarsu. Ta tarar da mutanen da suka riga suka iya tara kuɗi da ba da lissafi, sai ta yi ta ɗora musu kaya.

Amma tsarin da gwamnati ta gada ba shi ne na 1520 ba. Kuɗin da dā ke zuwa ta wasiyya da kiwo da buki, yanzu yawancinsa rabawa ake yi a kan gidaje bisa girman gona. Wanda ya fi biya shi ya fi faɗa a ji. Dattawan nan masu ajiye rara suka ƙara ƙarfi, muƙaman da yarinya 'yar shekara 12 ko ɗan ƙwadago ke iya riƙewa suka ragu. A gundumomi da dama, cikin ƙarni na 17, taron jama'a ya koma hannun 'yan mutane kaɗan masu naɗa junansu. Sai dai a yi hattara. Murya ɗaya ce ke magana a littafin Morebath, ta mutumin da ya ƙaunaci tsohon tsari, shi kuma Duffy bai ɓoye tausayinsa ga wannan tsari ba. Talakan da layin wakilci ya faɗa masa a shekarar fari, ko wanda aka kunyata a kan damin hatsi, wataƙila da ya iya rubutu da wani labari ya bari.

Sauran tarihin gajere ne. Dokar 1662 ta ba gunduma ikon korar baƙon da ake tsoron zai zama nauyi, cikin kwana 40 da zuwansa, abin da ya sa ƙauyuka suka yi ta kai juna ƙara a kan matalauci guda. A 1834 aka ƙwace sha'anin matalauta aka ba haɗakar gundumomi masu gidan aiki. A 1837 gwamnati ta buɗe tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. A 1868 aka soke tilasta harajin gyaran coci. Dokar 1894 ta raba gari da coci gaba ɗaya: ƙauyen da ya kai mutum 300 ya sami zaɓaɓɓiyar majalisa, mata kuma suna iya zaɓe da tsayawa, wanda bai kai ba aka bar shi da taron jama'a. Morebath a yau tana da irin wannan majalisa, ƙarƙashin gundumar Mid Devon da lardin Devon. Kuɗin coci da gininta kuwa tun 1921 suka koma hannun wata majalisa dabam ta masu ibada, amma har yanzu dokar cocin Ingila tana cewa a zaɓi wakilai biyu a kowace gunduma, sau ɗaya a shekara.